Ƙyalli Ba Tsabta Ba Ne: Lacca Kan Wankin Kujerun Fata na Mota

(An naɗi wannan jawabi ne a wani zaman ƙara wa juna sani da masu wankin mota suka shirya a Kano. Mai jawabin dattijo ne da ya daɗe a sana'ar ɗinki da gyaran kujerun mota. An rubuta shi yadda ya faɗa, sai maimaici da gyaran murya da aka rage.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugabanni, iyayen gida, da ku samari masu riƙe da soso da bokiti, barkanmu da warhaka. Na baya kuna ji na? To madalla.

An ce in yi magana a kan kujerar fata, yadda ake wanke ta da yadda ake kula da ita. Na karɓa da sauri, domin ni da ku sana'armu a haɗe take. Kujerar da ta lalace a hannunku, teburina take zuwa. Da son raina zan bi, sai in bar ku ku ci gaba da abin da kuke yi, ni kuwa kasuwa ta yi ta buɗe mini. (Dariya.) Amma ba a cin halali da ɓarnar ɗan'uwa, saboda haka ku buɗe kunne.

Zan fara da tambaya. Idan ka ɗora tafin hannunka a kan kujerar Camry ko Accord ko Lexus, me kake taɓawa? Na ji wani ya ce fata. A'a, ɗana. Fenti kake taɓawa. Fatar tana ƙasa. Wanda ya gane wannan ya gane rabin abin da na zo faɗa yau.

Mu Kanawa muna ganin babu mai koya mana fata, kuma da gaskiyarmu. Majemanmu sun daɗe suna jiƙa fata da toka su tuje gashi, su jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Fatar jan akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka sa mata sunan Maroko, saboda ta can take isa hannunsu. Ku zaga Ƙofar Wambai yau ku ga dukawa, ku je Sharaɗa da Chalawa ku ga kamfanonin jima da ke tura fata Italiya da Sifen. A Samarun Zariya ma akwai cibiya guda ta gwamnatin tarayya da aikinta ke nan, binciken fata da koyar da sarrafa ta. To amma irin fatar da muka gada buɗaɗɗiya ce. Ka shafa mata mai ta shanye, ka ɗiga mata ruwa ta yi duhu. Shi ya sa a kanmu ya zauna cewa fata mai take so. Wannan sanin ne muka ɗauko muka shiga da shi mota, kuma a nan ya cuce mu.

Fatar mota wata aba ce daban. Ta saniya ce, manyan shanun Turai da Amurka da Barazil, ba namu ba, mu da muka riga muka cinye tamu a ganda. (Dariya.) Yawancinta ba da bagaruwa ake jeme ta ba, da gishirin wani ƙarfe ne da ake kira kurom. Hanya ce da wani mutum mai suna Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884, ta mayar da aikin makonni ya koma na kwana ɗaya ko biyu, kuma fatar da aka yi da ita ta fi jure zafi. Bayan jima sai a tsaga ta, a bar kaurin da bai fi milimita ɗaya da ɗan wani abu ba. Sannan a fesa mata launi, a danna mata zanen nan mai kama da ƙwayar fata da injin, a ƙarshe a rufe da wani siririn ruwan roba mara launi. Wannan rufin na ƙarshe shi ne ke tare gumi da ruwa da rana. A ƙa'idar Turai, idan rufin ya wuce kashi 15 cikin 100 na milimita ɗaya, ba a yarda a kira abin fata zalla ba. Ku duba ƙanƙantarsa. A kan wannan ɗan abin kuke aiki kullum da soson buhu.

Ku ɗauke ta kamar langar fenti ta ɗakin iyayenmu mata. Ƙarfe ne a ciki, fenti a waje. Muddin fentin yana nan, langa sabuwa ce ko ta shekara nawa. Ranar da ya ɓantare, tsatsa ta samu ƙofa. Aikinku ba ciyar da fata ba ne, tsare fentin ne.

Kuma ba kowace kujerar da mai mota ya ce ta fata ce take fata ba. Mercedes na da robarsu da suke kira MB-Tex, wadda take cikin tsofaffin motocin nan da ba sa mutuwa. Toyota na da SofTex, Lexus na da NuLuxe, BMW na da Sensatec. Duk roba ce da aka yi ta da kyau. Ko a motar da aka sa fatar gaske, sau da yawa inda ake zama da inda ake jingina ne kawai fata, gefe da baya roba ce mai launi ɗaya. Wannan ba ha'inci ba ne, haka kamfani ya yi ta. Abin daɗin shi ne wankinsu kusan ɗaya ne. Waɗanda za ku yi taka-tsantsan da su iri biyu ne. Akwai fata mai ɗan rufi kaɗan ko mara rufi, wadda ake sa wa manyan motoci masu tsada. Gane ta ba wuya: nemi lungu, ɗiga ruwa ɗigo ɗaya, ka jira kaɗan. In ya tsaya ya dunƙule, rufaffiya ce, ci gaba da aikinka. In ya nutse wurin ya yi duhu, tsaya, ka kira maigidanka. Sai kuma mai gashi-gashin nan mai laushi, Alcantara, da ake yi a Italiya. Ita ba fata ba ce sam, zare ne na roba, kuma duk man da ka shafa mata ka kwantar da gashinta ya dunƙule, ba ya tashi.

Yanzu me ke kashe kujera a garin nan? Mutane za su ce rana. Rana tana ciki, zan zo kanta. Amma na farko ƙura ce.

Ƙurar hunturu da kuke gani tana sauka a kan gilashi, ba gari ba ce mai laushi, ƙwayoyin yashi ne ƙanana, kuma irin waɗannan ƙwayoyi masu kaifi ake manna wa takarda a yi sanfefa. Tana shiga cikin zanen fata, tana shiga layin ɗinki. Sai gumi ya zo, da man shafawa, da man gashi, su riƙe ta ta zauna. Mai mota ya shigo, ya murza, ya fita, ya sake shigowa ya murza. Kullum sai an ɗan kankare rufin. Shi ya sa a kowace mota wuri ɗaya ne ke fara mutuwa: kafaɗar kujerar direba ta wajen ƙofa, inda yake gogawa in zai shiga. Ku je ku duba motocin da ke layi a wajen nan, in kun samu wadda kujerar baya ta riga ta direba lalacewa ku zo ku faɗa mini. Idan rufin ya cinye, launin ya fara tashi, gumi mai gishiri ya samu hanya zuwa ainihin fatar. Daga nan sai tauri, sai tsagewa.

To a nan ne maganar ƙyalli ta shigo, kuma ita ce ta fi damuna. Wanda ya taɓa shiga sabuwar mota dal ya sani, kujerarta ba ta ƙyalli. Dusu-dusu take, in ka shafa ba santsi. Ƙyallin da kuke gani a sitiyari da kujerar direba na tsohuwar mota, dauɗa ce da maiƙon jiki da suka goge. Amma mu sai muka mayar da shi alamar an yi wanki. Alhaji ya zo ɗaukar mota, in bai ga kujera tana ɗaukar ido ba sai ya ce yaro bai yi aiki ba. Yaro kuwa yana son a ba shi na goro, sai ya ɗauko abin da ya shafa wa taya ya shafa wa kujera. Wani basilin, wani man kaɗanya, wani man gyaɗa, wani man goge takalmi. Na ga wanda ya sa man birki. Man birki, jama'a! Abin da in ya ɗiga a jikin mota yake cin fenti.

Ku tsaya ku yi tunani, man nan ina zai je? Rufi ya tare shi, ba zai shiga fata ba. Sai ya zauna a sama yana kama ƙura, wato ka ƙara wa sanfefar nan gam. Wanda ya samu tsaga ko hudar ɗinki ya gangara ciki, ya jiƙa fatar ta ƙasa, ya sa fentin ya saki jikinta ya fara ɓarewa. In man girki ne, zafi ya dafa shi ya yi hamami. Sannan ga farar shaddar Alhaji ranar Juma'a. Ya zauna ya tashi, bayan riga ya yi taswira. Garin neman gira an rasa ido. Balle a ce sitiyari aka shafa wa, wannan kuma ba ɓarnar dukiya ba ce kawai, ganganci ne da rai, don hannu zai iya zamewa a kwana.

Ɗaya ɓarnar ita ce ta sabulu. Fatar da aka jeme tana da ɗan tsami a jikinta. A ma'aunin masana da ke tashi daga 0 zuwa 14, inda 7 ne tsakiya, ita tana wajen 4 zuwa 5. Garin sabulun wanki yana can wajen 10, ruwan bilic ya fi haka. Abin da ke can sama, idan ya daɗe yana taɓa fata, yana warware jimar da aka yi mata, yana busar da maiƙon da kamfani ya sa mata tun a masana'anta. Yau ka wanke ka ga ta yi fes, ka ji daɗi. Bayan wata shida ta yi fari-fari ta yi tauri, kuma babu mai tuna cewa daga bokitinka abin ya fara. Fetur, kalanzir, tina, sifirit, duk waɗannan narkar da rufin suke yi kai tsaye. In ka goga ka ga launin kujera ya biyo tsumma, ba datti ka cire ba, kujerar ka cire. Haka ɗan farin soson nan na kanti da ake cewa yana goge kowane tabo: kankara yake yi, a hankali.

To yaya ake yi? Ba wani abin wahala ba ne, kuma kayan ba su da tsada.

Kada ka taɓa kujera tana da zafi. Shigar da mota inuwa, buɗe ƙofofi, ta huce. Sabulu a kan kujera mai zafi bushewa yake yi kafin ya yi aiki, ya bar zane.

Kafin ruwa ya taɓa ta, cire ƙura tukuna. Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa, kuma shi ne mafi girma. In akwai injin zuƙe ƙura, sa masa bakin nan mai gashi, kada bakin roba ya karce. Kwantar da majingina baya, ka buɗa tsakaninta da mazauni da yatsu, nan ne yashi da ɓawon gyaɗa da tsinken tsire suke taruwa. Bi layin ɗinki ɗaya bayan ɗaya. In babu wuta, buroshin fenti sabo mai laushi ya isa, ka share ka tare da tsumma. Wanda ya sa jiƙaƙƙen tsumma a kan kujera mai ƙura, shi da kansa ya yi kankarar da muke gudu.

Sai ruwan wanki. In ka samu wanda aka yi musamman don fatar mota, shi ne gaba. In babu, ba sai ka ƙirƙiro naka ba. Buɗe akwatin gaban mota, in littafin yana nan. Littafin Toyota ya ce a yi amfani da sabulun ruwa mai sanyi irin na wanke kayan ulu, a tsarma shi kamar kashi 5 cikin 100. Ga lissafinmu: ledar fiya wata biyu lita ɗaya ke nan, ka sa cokalin cin abinci uku, ka ɗan ƙara kaɗan. In shi ma bai samu ba, sabulun ruwa na wankan jarirai ya fi duk abin da ke cikin bokitinku, ɗan kaɗan ba da yawa ba. Na ce fiya wata da gangan, domin ruwan wasu rijiyoyin burtsatse in ya bushe yana barin farin tabo, kuma a kan baƙar kujera yana fitowa sosai.

Gwada a ɓoyayyen wuri, can ƙasan gefe. In launi bai biyo ba, bismillah.

Kada ka zuba ruwa a kujera. A kan buroshi ko tawul za ka sa. Buroshi mai laushi, irin na gashin doki da ake goge takalmi da shi, amma sabo wanda bai taɓa ganin man takalmi ba. Ka kaɗa ya yi kumfa, kumfar ce ke ɗago datti, ba ƙarfin damtsenka ba. Ɗauki fili ɗaya tsakanin ɗinki da ɗinki, ka zagaya a hankali, ka ɗauke kumfar da busasshen tawul kafin ta bushe. Sannan ka bi da wani tawul da aka jiƙa da ruwa zalla aka matse sosai, ya kwashe ragowar sabulu. Sai na uku ya tsane. Tawul ɗin nan mai laushi da ake sayarwa a dozin, maikurofaiba, shi ya fi. Ku ware masu launi ɗaya na cikin mota kawai. Tawul ɗin da ya taɓa taya ko inji ya gama shiga ɗaki. In wuri bai fita ba a karo na farko, maimaita sau biyu ko uku da sauƙi, ya fi ka danna sau ɗaya da ƙarfi.

In ka gama za ka ga abin da zai ba ka tsoro a karon farko: ƙyallin ya tafi. Kada ka firgita, haka ake so. Dabarar da nake ba ku ita ce, in mai mota yana tsaye, wanke rabin mazauni ka bar rabi, ka kira shi ya gani, ka nuna masa tawul. Baƙin da ke jikin tawul ɗin zai yi maka bayanin da bakinka ba zai iya ba. Ka ce, ranka ya daɗe, wannan ɓangaren shi ne yadda ta fito daga kamfani.

Kujera mai ƙananan huda kuwa, ku ninka hankali. Hudar ba ado ba ce kawai. A wasu motocin akwai fanka a ƙasa mai hura iska, akwai wayar ɗumama kujera, a kujerar mai zaman banza kuma akwai na'urar da ke gane ko akwai mutum a zaune, wadda take aiki tare da jakar iskar kariya, eyabag. Ruwa in ya gangara can, ga soson ciki ya sha ya riƙe, ga waya. Sai mota ta tafi gida ta kunna wata fitila a gaban direba, a dawo ana neman wanda ya wanke ta. A irin wannan, kumfa kawai, tawul a matse kamar ba a jiƙa ba. Kuma kada a shafa mata komai mai kauri, zai toshe hudar ya bar fararen ɗigo. In ya riga ya faru, tsinken sakace da haƙuri, huda ɗaya bayan ɗaya.

Bushewa a inuwa, gilasai a sauke. Ba a kai ta rana don ta yi sauri, ba a sa mata na'urar busar da gashi. Da damina kuwa kada a rufe mota da sauran laima a ciki, kwana biyu funfuna ta fito, kuma warinta in ya shiga soso sai an kwance kujera. Irin warin nan ne za ku ji a wasu motocin da aka sayo a gwanjon Amurka bayan ambaliya, irin wadda aka yi a birnin Hustan a 2017. Wannan ba aikin wanki ba ne, kada ka ɗauki alkawarin da ba za ka cika ba.

Na san wani zai ce, to Baba, man fata da ake sayarwa a kwalba fa, ƙarya ne? Ba ƙarya ba ne, amma an zuzuta shi. A kujera mai lafiyayyen rufi, abin da ya fi amfani shi ne mai ruwa-ruwa wanda ke bushewa ya bar kariya ba maiƙo, yana rage gogayya, yana hana rini kamawa. Sau biyu ko uku a shekara ya isa, musamman gab da hunturu, lokacin da iska ke bushewa har leɓe na tsagewa. Tsohuwar kujera da rufinta ya fara sirancewa, ita ce ke ɗan shan wani abu, ita ma kaɗan a tawul, a bari ya zauna, a goge ragowar tas. In ka gama ka shafa hannu ka ji santsi, ya yi yawa. Ni a wurina, wanda ke share ƙura duk mako yana gogewa da ɗanyen tawul, bai taɓa sayen kwalba ko ɗaya ba, kujerarsa za ta fi ta wanda ke shafa mai mai tsada a kan datti daɗewa.

Bari in taɓa tabo, irin namu na gida, don waɗanda suka rubuta littafin mota ba su san zoɓo ba. Duk abin sha da ya zube, zoɓo ne, kunun aya ne, shayi ne, a dangwale shi nan take, kada a goga ya bazu. Fura da nono ku bi ta har cikin ɗinki, don in ta kwana a nan tsaminta ba ya fita. Maiƙon tsire da balangu da manja, a fara ɗauke shi da busasshen tawul, sannan kumfa. In fatar buɗaɗɗiya ce ta riga ta sha, a barbaɗa hoda ko garin sitaci ya kwana, ya tsotso abin da zai iya. Cingam, sa ƙanƙara a leda ka ɗora ya daskare, ka ɓamɓare da katin roba, ba reza ba.

Masu wuyar su ne rini. Sabuwar shadda mai zuba, baƙin wandon jins, jan lalle da baƙin lalle na amare da 'yan rakiya, a kan kujera mai ruwan madara. Rini yana nutsewa cikin rufi a hankali, saboda haka na yau yana fita da kumfa, na wata uku ya zama ɗan gida. Biro ma haka. Za ku ji ana cewa a fesa turare ko a sa sifirit. Eh, yana cire biro, ya tafi da fentin wurin gaba ɗaya, ka koma kana da farin tabo maimakon shuɗin layi. Gara ka gaya wa mai mota gaskiya, wannan sai mai gyaran launi. Akwai masu yi, ana haɗa launi a fesa a sake rufewa, kuma ya fi sauya fata araha nesa ba kusa ba.

Turare kuwa, mun san mu mutanen turare ne. Wanda ake fesawa yawancinsa sifirit ne. Mutum ya shiga mota ya feshe jikinsa, rabi ya sauka a kujera da madafar ƙofa. Tun shekarar 2020 da korona ta kawo man tsabtace hannu, wanda sifirit ɗinsa ya kai kashi 60 zuwa sama, sitiyari da kan giya da yawa sun ɓare. Haka man korar sauro, da mayukan shafawa masu ƙarfi. Wannan ba a hannunku yake ba, amma kuna iya faɗa wa mai mota cikin ladabi ya bari hannunsa ya bushe kafin ya kama sitiyari.

Rana ba sai na daɗe a kanta ba, kun fi ni saninta. A watan Afrilu garin nan yana wuce 40 a ma'aunin zafi, motar da aka rufe a fili kuwa cikinta yana haura 60. Zafi irin wannan yana sa fata ta ƙanƙance ta ja ɗinki, launi ya koɗe, musamman saman kujerar baya da ke ƙarƙashin gilashi. Inuwa, da abin tare rana na gilashin gaba, ko tawul a yafa. Shi ke nan maganin. Sai ledar nan da ake barin ta a kan kujerar sabuwar mota wata da watanni don a san sabuwa ce. A cire ta. Littafin Toyota ɗin da na ambata ma ya yi gargaɗi cewa leda da roba suna iya mannewa a jikin fata in cikin mota ya yi zafi. Ga shi tana riƙe laima a ƙasa.

Na ga ana ɗaga hannu. Bismillah, ɗana.

(Wani matashi ya tambaya ko ya fi kyau a shawarci mai mota ya sa wa kujerun riga.)

Tambayarka ta yi. Ga mai yara, ko mai haya, riga tana da amfani. Amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, a riƙa cire ta ana sharewa, don yashi yana shiga ƙarƙashinta, ita kuma ta riƙa murza shi a kan fata ba wanda ya gani. Mun sha kwance riga mu tarar da abin da aka ɓoye ya fi wanda aka bari a buɗe lalacewa. Na biyu ya fi muhimmanci. Duba gefen majingina ta wajen ƙofa, in ka ga ɗan tambari an rubuta SRS, to akwai eyabag a cikin kujerar. Ɗinkin wannan gefen an yi shi ne da zaren da zai tsinke in ta tashi fita. Ka rufe shi da riga mai kauri, ko mu masu ɗinki mu maimaita shi da zare mai ƙarfi don ya yi ƙarko, ranar hatsari jakar ba za ta fito yadda ya kamata ba. In za a sa riga, a nemi wadda aka bar wa wannan gefen hanya.

(Wani ya ce aikin da aka bayyana zai ci lokaci, alhali kuɗin wanki bai taka kara ya karya ba.)

Gaskiyarka, Malam. Mota mai layin kujeru biyu, in za a yi yadda na faɗa, za ta ci awa guda, mai layi uku ta fi haka. To kada ku cusa shi cikin kuɗin wankin yau da kullum. Wankin yau da kullum shi ne zuƙe ƙura da ɗanyen tawul, minti kaɗan, kuma ba a ƙara ko kwabo. Wankin kumfa aiki ne daban mai kuɗinsa daban, duk bayan wata uku, ko wata biyu in farar kujera ce. Ku zauna da shugabanninku ku tsayar da farashi ɗaya, don kada wannan ya faɗi nasa, na kusa da shi ya karya da basilin. Kuma kafin ka fara, zagaya kujerun tare da mai mota, ka nuna masa duk inda ya riga ya tsage ko ya koɗe, ka ɗauki hoto da wayarka. Datti yana ɓoye tsaga, in ka wanke za ta fito fili, kuma in ba ka nuna tun farko ba, kai za a ce ka yi.

An yi mini alama lokacin salla ya gabato. Na zo da tsohuwar kujera guda da buroshi da tawul, suna bayan motata. Bayan la'asar duk mai so ya tsaya, kowa ya wanke fili ɗaya da hannunsa in gani. Wassalamu alaikum.